Ranar Da Inna Ta Goya Yaya Lawal

Ranar kasuwar Yankara ce, cikin watan Agusta na shekarar da na shiga aji uku. Baba ya ɗaure buhunansa ya tafi tun da sassafe, rana ta fito bayan yayyafi, ni kuma ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke da toka. A bakin ƙofar ɗaki wana, Yaya Lawal, yana kwance a tabarma, ya ƙudundune cikin zanen Inna, haƙoransa na kaɗawa. Zazzaɓin ya kwana biyu a jikinsa. Inna tana can gefen murhu ta ba shi baya, tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe.

Ba mu daɗe da tarewa a bayan garin Ƙanƙara ba. Daga Daudawa muka taso, daga babban gida mai rumbuna da turken awaki, inda muke carafke a gindin ɗurumi har a kira mu cin tuwo. Sabuwar unguwar kuwa rabinta kangaye ne, rabinta gonakin gero. Gida ɗaya nan, wani can, kowanne da ƙofar ƙarfe a rufe. Ruwa sai mun je rijiyar wani Alhaji da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Ba mu san mai kemis ba, ba mu san wanzami ba, balle hanyar asibiti.

Yaya Lawal shi ne ɗan farin Inna, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. "Yaron nan" take cewa. A Daudawa wannan bai taɓa cutar da kowa ba, domin akwai Kaka. Ita ke taɓa goshinsa, ita ke jiƙa masa sabara, ita ke tasa shi gaba zuwa wurin malamin asibiti. Da muka taso, mun kwaso tukwane da turmi, amma Kaka ta ce ba inda za ta.

Da hantsi Inna ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Tahi gidan can mai jar ƙohwa, ki gaishe da Hajiya, ki ce yaron nan jikinshi da ɗumi." Da a ƙauye ne, wannan saƙon kaɗai ya isa ya tayar da gida gaba ɗaya. Duk wanda ya ji uwa ta buɗe baki a kan ɗan farinta ya san abin ya kai maƙura. Amma Hajiya ba ta san mu ba, ba ta san wane ne yaron nan ba. Ta amsa gaisuwata da fara'a, ta ƙulle mini ƙwaya biyu a leda, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma kan ɗinkinta. Ban ga laifinta ba ko a yau. Na faɗa mata daidai abin da aka ce in faɗa.

Ina shigowa na tarar jikinsa ya sandare, idanunsa sun juye sama, kumfa na fita a gefen bakinsa. Na ƙwala ihu. Rariyar ta faɗi daga hannun Inna, gari ya watse a ƙasa. Ta tsaya, ta dubi ƙofa kamar mai jiran Kaka ta shigo. Sannan ta durƙusa, ta cicciɓe shi, ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da zani. Yaron da ya kusa kamo ta tsawo, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta. Tunda nake ban taɓa ganin ta taɓa shi ba, kuma wannan ya fi ciwon nasa tsorata ni.

Muka fita, ba mu san gabas ko yamma ba. Muka ratsa gonar gero, laka na cire mini silifa, Inna na haki. A bakin titi na hango wani farin gini da mutane a tsaye, na ce ga asibiti. Muka nufe shi da sauran ƙarfinmu. Sai da muka isa muka ga kowa riƙe yake da igiya: wannan akuya, wancan maraƙi. Asibitin dabbobi ne. Nan na fashe da kuka, don ni na kawo mu.

Wani dattijo mai farin rago, wanda daga baya muka ji makiyayi ne daga wajen Sabuwa, ya matso ya ɗaga fatar idon Yaya. "Baiwar Allah, ɗanki ne?" Inna ta sunkuyar da kai. Ya dube ta, ya dubi dogayen ƙafafun da ke reto a bayanta. "Na hwari ne," in ji shi, ba tambaya yake ba. Ya miƙa wa na kusa da shi igiyar ragon, ya tare wata a-kori-kura da ta sauke tumaki, ya ce wa direban babban asibiti, yanzu.

A can ma'aikaciyar jinya ta tambayi sunan yaro, Inna ta yi shiru. Ta sake tambaya da faɗa, ta ce wace irin uwa ce wannan. Ni na ce Lawal. Aka yi masa allura, aka ɗaura masa ruwa, Inna ta zame ta fita baranda ta zauna tana fuskantar bango, zaninta duk gari da laka. Wajen la'asar ya buɗe ido ya nemi ruwa. Na ruga na faɗa mata. Ta daɗe ba ta juyo ba, kafaɗunta na motsi. Da ta samu murya sai ta ce, "To, ki ce mashi ya bar tsorata mutane."

Yanzu gonakin nan duk sun zama gidaje, cike da mutanen Yargoje da Faskari da rashin zaman lafiya ya koro, kuma kowane lungu da kemis ɗinsa. Ni ma ina da 'yar fari, ina kiran sunanta daga nan har bakin titi, ko atishawa ta yi ina kan hanyar asibiti. Amma nakan yi kewar gidan da mace za ta faɗi kalma biyar a ji duk abin da ke ranta. Bara da Sallah, Yaya Lawal, da furfurarsa da 'ya'yansa, ya tsokani Inna ya ce ya ji labarin wai ta taɓa goya shi. Ta kau da kai ta ce maƙwabta ne suka kai shi. Ni da na bi bayanta a cikin lakar nan, na bar ta a kan maganarta.