Kunnen da Baba Ya Baro a Bama

Ruwan jiya ya kayar da bangon ɗakin kakanmu a Kusfa. Ina tsaye cikin taɓo, warin jiƙaƙƙiyar jar ƙasa ya cika min hanci, sai na tuna kunnensa na hagu.

Ƙarar igwa ce ta kashe kunnen a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Duk wanda ya zo da maganar banza, shi yake juya masa.

Shekarar da Alhaji maƙwabcinmu ya ta da bene ya saito indararonsa kan bangonmu, dattawan unguwa suka zo zaure. "Baba, ruwa ne kawai. A yi haƙuri a zauna lafiya."

Ya juya musu kunnen yana taunar goro. Da suka gaji ya ce, "Haka Turawa suka yi da ɗan kama-karyan Jamus. Ya nemi ƙasar wasu, aka ba shi don a zauna lafiya. Ya ƙara, aka ƙara masa. Ƙarshenta mu da ba mu san shi ba aka kwasa daga Zariya."

Ranar aka sauke indararon.

Da Baba ya rasu, ko sadakar arba'in ɗinsa ba a yi ba Alhaji ya mayar da indararon. Na yi magana, yayyena suka ce in rufa musu asiri, mutumin yana da hanya. Yau da safe ya aiko da jaje, wai ko za mu sayar masa da kangon.

Allah Ya jiƙanka Baba, Ya mayar maka da kunnenka a Aljanna. Amma kada Ya jiyar da kai yadda muka yi da gidanka.