Masu Dubiyar Yaya

Shekarar da hannun Yaya ya fara rawa ni ma ciwo ya kama ni, sai dai ba wanda ya lura. Mu biyu dukawa ne, rumfarmu ɗaya a Birni. Shi riƙe basilla ya gagare shi. Ni hannuna lafiya lau, amma sai in zauna da fata a cinya har azahar ban huda ko'ina ba. Abinci ba ɗanɗano, barci rabi da rabi, duniya duk ta fita raina.

To, zo ka ga dubiya! Ran Juma'a zaurenmu ba masaka tsinke. Dangi daga garin Dogo ɗauke da zabi, mata da kunun gyaɗa, liman da doguwar addu'a. Ni ne mai shimfiɗa tabarma da jera takalma. Kowa ya fito sai ya dafa kafaɗata: "Sai ka ƙara himma fa, gida ya dawo kanka." Himma! Wallahi na yi kishin rawar hannun nan. Har ɗaki na taɓa shiga na miƙe nawa ina kallo, ko zai ɗan motsa. Ya ƙi ƙememe.

Maƙwabciyarmu, wata Kirista ma'aikaciyar jinya da ba ta ɓoye gaskiya, ita ta ja ni asibiti wurin lokotoro. Aka ce ciwon damuwa ne. A hanyar gida na tambaye ta: "Madam, nawa ma irin na Yaya ne, mai cin mutum sannu a hankali?"

Ta ce, "A'a. Nasa jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa, kuma ba sa dawowa. Naka ma ciwo ne na gaske, kada ka yi wasa da shi, amma ba danginsu ɗaya ba. In ka riƙe magani yana sauka."

Ka ji fa! Ko a ciwo ma Yaya ya fi ni. Maimakon hamdala, haushi ne ya turnuƙe ni.

Da la'asar na tarar da shi a zaure shi kaɗai, yana fama da maɓallin riga. Na zazzage masa komai, har zancen zabin da ko ƙafa ba a ce in ci ba. Bai katse ni ba.

"Ta ce naka yana sauka?"

"Haka ta ce."

Ya daɗe yana kallon hannuwana. Na gane kallon, don da irinsa na yi wata da watanni ina kallon nasa.

"Kai dai ka ji daɗinka," in ji shi. "Zo ka saka mini maɓallin nan."