Ranar da Aka Kulle Mu a Aji

Na haura arba'in kafin na taɓa zama a kujerar aji. A gida allo kawai na yi, shi ma ban yi nisa ba. A nan unguwar Bronx, a ƙasar Turawa, mai garejin da nake wa wankin mota ya ce ko in koyi Turanci ko in tsufa da soso a hannu. Shi ne na shiga ajin manya da ake yi da hantsi a wata makaranta kusa da layin jirgin ƙasa mai lamba huɗu.

A ajin akwai wata Hajiya daga wajen Tafkin Cadi, ta girme ni nesa ba kusa ba. Aikin jinyar tsofaffi a gidajensu take nema, kuma ba a ɗaukar wanda bai iya karanta kwalbar magani ba. Abin da ya kawo ta ke nan, ta kuwa fi mu naci. Wani ɗan Kumasi da ke zama bayanta yakan ce Hajiya so take ta ƙwace wa malama aiki, ita kuma ta ce ya fara gyara Hausarsa tukuna kafin ya ɓata wa Turawa tasu.

Muna da wani hali. Duk abin da malama ta faɗa sai mu amsa da kai, don abin kunya ne babba ya ce wa sa'ar 'yarsa bai gane ba. Ashe tun farkon mako ta sanar cewa za a yi atisayen ɓuya, wato gwajin abin da za a yi idan an kawo hari. Mu kuwa muka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Ranar muna tsakiyar karatu jiniya ta tashi, wata murya ta yi ta magana a lasifika. Malama ta kashe fitila, ta murɗa makulli, ta sauke labule, ta nuna mana kusurwa nesa da taga, mu durƙusa mu yi shiru. Ba wanda ya san gwaji ne. Na durƙusa da gwiwata mai ciwo ina karanta abin da ya zo bakina.

Hajiya ba ta durƙusa ba. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta nufi ƙofa. Malama ta sha gabanta tana raɗa, sannan ta yafito ni in yi tafinta. Sai da ta maimaita sau da yawa na gane.

Na ce, "Hajiya, ki zauna. Gwaji ne, ba kowa a waje."

Ta ce, "Ƙanena, a garinmu waɗanda suka kulle ƙofa su aka ƙona. Waɗanda suka yi daji su suka rayu. Ka ce mata ta buɗe."

Turancina bai kai ya ɗauki wannan magana ba. Tsoro take ji, iyakar abin da na iya gaya wa malama ke nan. Ita kuma ta ce doka ce, ba a buɗewa sai an ba da izini.

Sai wani daga waje ya kama mariƙin ƙofar ya girgiza da ƙarfi. Daga baya na ji haka suke yi, don su tabbata an kulle. Hajiya ta sulale ta zauna a ƙasa. Da aka kunna fitila, zaninta a jiƙe yake, ƙasan ma haka. Mu maza muka juya muna kallon bango. Ɗan Kumasi ya cire rigar sanyinsa ya miƙa mata ta baya, bai dube ta ba.

Hajiya ba ta sake zuwa ajin ba. Malama ta yi ta tambayata, har da hawaye. Ba muguwa ba ce, yarinya ce da aka ba doka. Ta roƙe ni in je in lallashi Hajiya ta dawo.

Na same ta a bayan wani gidan abinci na mutanenmu tana yankan albasa. Na ce saura kaɗan ta gama, kada ta zubar da wahalarta. Ta saurare ni har na kai aya. Sannan ta ce ba za ta iya zama gaban mazan da suka ga abin da suka gani ba, kuma ta gama shiga ɗakin da makullinsa ke hannun wani. Ta tambaye ni gwiwata, ta sa aka zuba mini tuwo.

Aikin jinyar bai samu ba. Har na bar unguwar tana nan a bayan gidan abincin.