Babi na Uku Ya Tafi Guangzhou

Litinin, Zariya. Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka kama hanyar Kano, ni da Ishaku ɗan ƙanwata mai fataucin riguna, za mu hau jirgin sama zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin a buga mini littafi. A jakata akwai littafin da na yi shekara tara ina rubutawa kan sufayen Kirista na Turai, mutanen shekaru ɗari shida da suka wuce. Dattawan cocinmu sun ce in cire babi na uku, ko in ajiye mabuɗin ajin da nake koyarwa. Ban cire ba.

Talata, unguwar Sanyuanli a Guangzhou. Biyar na yamma muka sauka, tasi ta kai mu masauki, hawa na shida. Ɗaki ɗaya aka ba mu da Alhaji Sabo, Bakano mai sarin takalma. Muna cin taliya da naman rago ya ce, "Malam Bulus, me ke cikin babin nan da ya ta da ƙura?"

Na ce, mutanen nan sun koyar cewa Allah ya fi ƙarfin duk sunan da baki zai kira, sai zuciya ta yi shiru ta zubar da kayanta kafin ta kusance shi. Kuma ba su suka ƙirƙiro ba, gado ne daga masu ibada a hamadar Masar da Sham.

Ya ajiye cokali. "Ai wannan halwa ce!"

"Abin da dattawa suka ce ke nan, wai na kwaso ɗariƙa."

Alhamis, maɗaba'a. Minti hamsin a jirgin ƙasa, sannan tafiyar ƙafa. Ishaku ya riga ya samo takardar izinin buga littafin. Muna zaune saƙon shugaban dattawa ya shigo wayata: yau ce rana ta ƙarshe da suka ba ni in cire babin. Ajin nan kuwa shi ne rayuwata. Mai maɗaba'ar, da ake ce wa Loban, wato maigida, ya nuna shafukan babi na uku, yana jira.

Ishaku ya ce, "Kawu, shafi ashirin ne fa kacal."

Na ce, "Su ne littafin. Loban, buga duka!"

Talata ta gaba, gida. Tara na safe na ɗora kwafin farko a teburin shugaba, mabuɗin a kai. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ishaku da Alhaji Sabo. Shugaba ya jefa mabuɗin a aljihu. Na kai bakin ƙofa na ji ya ce, "Bulus, a wane shafi babin yake farawa?"