Mai Piyano na Ƙarƙashin Dandamali

A unguwar Lozells ta birnin Birmingham aka haifi Ethan Dalyop, a ɗaya daga cikin gidajen nan na jan bulo da ke manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar a ɗakinka. Iyayensa mutanen Jos ne. Mahaifinsa, Dalyop, direban bas ne a Birmingham, mahaifiyarsa Celestina kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Tun yana ƙarami malamai suke kawo ƙararsa. Ba wai yana da ƙiriniya ba, hankalinsa ne ba ya zama a aji. Sai a gan shi ya zuba wa taga ido, leɓɓansa na motsi, kamar mai amsa wa wani da ba a gani.

Waƙa yake ji. Ruwan sama a kan rufin mota, butar shayi in ta tafasa, hirar mata a bakin shago, duk a kunnensa suna da kari da amshi, kuma ya ɗauka kowa ma haka yake jin duniya.

Maƙwabcinsu wani tsohon Bature ne mai suna Alfred, wanda ya yi rayuwarsa yana kaɗa piyano a gidajen wasan kwaikwayo. Da la'asar yakan zauna ya kaɗa, sautin ya ratso bango. Ethan sai ya zauna a matakala ya manna kunne, duk inda tsohon ya tsaya shi kuma ya ƙarasa da bakinsa. Wata rana Alfred ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambayi Celestina wane ne ke ƙarasa masa waƙoƙinsa, kuma ba yadda suke ba. Ta fara ba shi haƙuri. Ya ce ba ƙara ya kawo ba, yaron yake so a ba shi aro.

A hannun Alfred ya koyi piyano, kuma shi ya fara kai shi kallon wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda 'yan wasa ke rera labarin maimakon su faɗe shi. Jama'a suna kallon dandamali, Ethan kuwa yana leƙen ramin da ke ƙarƙashinsa, inda makaɗa ke zaune cikin duhu, kowa da 'yar fitilarsa. Ya ga kamar wani ƙauye ne a ƙarƙashin ruwa, kuma a ransa ya ce can zai zauna.

Da lokacin shiga jami'a ya yi, Celestina ta zaunar da shi a kicin.

"Ethan, wa ya hana ka waƙa? Ga coci nan kowace Lahadi. Ka je uni ka yi pharmacy, hankalina ya kwanta."

Ya amsa mata da Turancinsa na Birmingham, don Hausarsa ta ji ce kawai, ya ce in ya tsaya haɗa magani zai riƙa jin ƙarar ƙwayoyi a kwalba ya manta da mai ciwon. Dalyop ya yi dariya ya ce, "Maman Ethan, bar shi. Wannan zai kashe mutane."

Haka ya tafi Manchester ya karanta kiɗa, ya kama wani ɗan flat na haya a unguwar Hulme. Bayan ya gama ya sami ramin da yake mafarki. Shekara da shekaru yana can ƙasa yana kaɗa waƙoƙin wasu, ba ya ganin komai na 'yan wasa sai ƙurar da takunsu ke zubowa a kan piyano. A can ya haɗu da Rebecca, mai goge, wadda ya aura. Da safe kuma yana tsara nasa.

Wasansa na farko labarin wani sarki ne a wata ƙasa da babu ita. Ya zuba masa duk abin da ya iya, amma mutane ba su zo ba, aka rufe shi tun kafin 'yan wasa su saba da kayansu. A cikin watannin ne kuma Alfred ya rasu. Daga nan kunnen Ethan ya yi shiru. Ruwa ya koma ruwa kawai, ya daɗe bai rubuta komai ba.

Ya je gida hutu, ya tarar mahaifinsa na shirin ajiye aiki. Dalyop ya ce, "Zo ka raka ni yau. Zaman ɗaki ba ya yi maka kyau." Ethan ya zauna a kujerar bayan direba, bas ɗin na zagaya gari. Wata tsohuwa ta shigo da furanni, ba ta sauka ko'ina ba. Wani ma'aikacin asibiti ya yi barci a kafaɗar wanda bai sani ba. 'Yan makaranta na gardama, wata mata na waya da yarenta tana share hawaye tana dariya. Gilashi ya yi raɓa, gidaje suka riƙa wucewa kamar a mafarki, ƙofa na buɗewa tana rufewa da numfashi irin na mai barci. Can Ethan ya ji yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa.

Wasan da ya fito daga wannan tafiya labarin fasinjoji ne a bas ɗin da ba shi da tashar ƙarshe, kowa da waƙar da yake yi a zuci. A wani ƙaramin zaure a Manchester aka yi shi. Bai kai Landan ba, amma zauren ya riƙa cika, har makarantu suka fara neman izinin yin sa.

Iyayensa sun hau jirgin ƙasa sun zo kallon wasan da rana. Da aka tashi, Celestina ta riƙe hannunsa ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ce waƙar tsohuwa mai furanni ta yi mata gajarta. Dalyop kuwa ya gyara hularsa ya ce, "Ya yi kyau. Amma ka gaya wa direbanku ya riƙa duba madubi."

Har yau Ethan yana Hulme tare da Rebecca da 'yarsu Zoe. Yana koyar da piyano, yana sauka rami in an kira shi. Yanzu wani sabon wasa yake tsarawa, a kan masu wanke gilasan dogayen gine-gine. Zoe ta ce waƙar farko tana sa ta jiri, shi ya sa ya san ta yi daidai, bai taɓa waƙar ba, ya wuce zuwa ta biyu.