Yadda Na Sallami Tsintau

Ko ƙasa ta rufe min ido ba na jin zan manta da ranar da manyan mutanen gandunmu na Gozaki suka tashi da tausayi gaba ɗayansu, kamar an zuba musu a kunu. Ku 'yan nan da kuke koyon maganin dabba a hannuna, ku buɗe kunne.

A lokacin ni Kande ni ce mai maganin dabbobin gandu. Jaki ya yi gyambo, ni. Akuya ta kumbura, ni. Sama da ni akwai Sarkin Gandu, mai raba wa manoma aiki, kuma ƙa'ida ita ce ba a raba dabbar gandu da ranta sai da yawunsa.

Tsintau kare ne da na ɗauko a zango, fatake masu zuwa Zazzau sun yar da shi da karyayyar ƙafa. Na ɗaure ta da karan dawa, ta kama. Da ya miƙe sai ya riƙe gefen gona, biri bai ƙara karya mana zangarniya ba sai da shirin gudu. Nan take ya tashi daga "karen Kande" ya koma "karenmu na gandu".

Ya tsufa a aikin. Wata kaka, an girbe gero dawa na tsaye, ƙari ya fito masa a ciki ya fashe. Na wanke da ruwan maɗaci, na barbaɗa garin bagaruwa, na yi duk abin da kakata ta koya min. Ciwo ya ci gaba da cinsa, tsutsa ta shiga, yana jan gindi yana wani kuka siriri. Sai ya sake zama "karen Kande".

Na sami Sarkin Gandu a gindin rumbu, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Tsintau ya kai inda magani ba ya zuwa. A ba da izini a hutar da shi."

"Subhanallahi, Kande! Rai fa? Je ki ji ta bakin Malam."

Mutumin da akuya ko tari ta yi yake kururuwa a kawo wuƙa kada ta mutu mushe, yau shi ne mai tsoron rai. Ashe rai ba ya nauyi sai in babu romo a bayansa.

Malam bai ja ni da nisa ba. Ya ce dabbar da aka fid da rai da ita, tana shan azaba, babu laifi a sauƙaƙa mata. Na koma da wannan, Sarkin Gandu ya ce to, a kira mahauci. Mahauci ya zo, ya leƙa daga nesa, ya toshe hanci.

"Haba Yaya Kande, wuƙata ta taɓa kare? Wa zai ƙara sayen tsirena a Gozaki?"

Na ce, "Wanda ya iya haɗiye tsirenka na jiya, kare ba zai ba shi tsoro ba."

Manoma kuwa kowa ya tuna yana da aiki a ƙarshen gona. Sarkin Gandu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Da dai hauka ya yi, da abin ya zo da sauƙi." Gaskiyarsa. Mahaukacin kare, gari guda ke fitowa da sanduna har da guɗa.

To, ni ma ba wai zuciyata ta tsaya ba. Na sha ganin dabbar da aka haƙa wa rami ta tashi ta ci ciyawa. A sana'armu kafin ka yanke hukunci kana tambayar mai ciwon, kuma dabba ana tambayarta da abin da ta fi so. Na kawo masa nono a sakaina, ya kau da kai. Na sa shi a kwando na kai shi gefen gona da hantsi. Ga birai sun baje a dawa, wani ƙato ya zauna kusa da mu yana ɓarzar zangarniya kamar gonar ubansa. Tsintau ya buɗe ido, ya dube shi, ko kunne bai ɗaga ba. Ya mai da kansa kan ƙafata.

Na ce, "Na ji, ɗan nan."

Na je wurin maharbi na karɓo ɗan dafin kibiya a tsinke. Na dawo na ɗora kansa a cinyata, na shafa masa a gyambon kamar yadda nake sa magani kullum, ina sosa masa wuya. Bai daɗe ba. Ni na haƙa ramin a gindin ɗorawa, da fartanyata.

Da aka zo yankan dawa aka tarar birai sun cinye gefe guda, sai ga Sarkin Gandu a ƙofar ɗakina.

"Kande, anya ba ki yi gaggawa ba? Ƙila da an bar shi ya tashi."

"Ranka ya daɗe, ramin bai yi zurfi ba. In je in tambayo shi?"

Saboda haka ku riƙe wannan. Duk wadda ta ɗauki jakar magani, ta sani maganin ƙarshe ma a cikinta yake, kuma ranar ba da shi za ta waiga ta ga ita kaɗai ce. Masu tausayi suna nan tafe, amma sai an rufe rami.