Shekarar da Akuya Ta Cinye Ƙarshen Littafi

Matso kusa, ɗan'uwa, ka ji abin da ƙamshin sabuwar takarda ya tono mini. Jiya jikata ta dawo daga makaranta da sabon littafi, na kai shi hanci, sai ga ni a tsakar gidanmu na Kaura, ina yarinya, gyaɗa shanye a tabarma, jirgin ƙasa yana kuka can tasha.

Kakata, mahaifiyar babana, ba ta ƙirga shekara da lamba. Akwai shekarar fara, akwai shekarar da gulbi ya ci gonaki. Wannan kuwa shekarar littafi take ce mata.

Bayan girbi ne, da hantsi, rediyon kawu, ƙanen babana, yana rataye a reshen darbejiya, sai mai magana ya shiga lissafa littattafan da sunka fito a duniya cikin shekarar, da waɗanda anka ba kyauta. Wata mata a ƙasar ƙanƙara, wani da ya yi nasa rubutun a kurkuku, wani tsohon mawaƙi da ya rasu anka rufe makarantu don shi. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena bai yar da abu. Na riƙa ganin su a raina, kowa da alƙalami, zaune bakin wani ruwa da ban san sunansa ba.

Kaka ta ɗago daga ɓarar gyaɗa ta ce, "To mu nan, ba a rubuta muna ko guda?"

Kamar ya ji ta, mai rediyo ya ce akwai na Hausa da ya ci gasa. Kawu direba ne, yana jigila tsakanin Kaura da Shinkafi, shi kaɗai ya yi boko sosai a gidan. Bai huta ba sai da ya samo shi wajen mai baza littattafai a tasha.

Labarin wata mata ne da ƙanenta ya ƙetare gulbi da shanu bai dawo ba, ita kuma kullum tana zuwa bakin ruwa. Da kawu ya karanta farkon, hannun kaka ya tsaya cikin ƙwarya. Duk gidan mun sani, nata ƙanen ya bi gabas da ƙafa, zai tafi aikin hajji, tun babana bai zo duniya ba. Babu labarin rai, babu na mutuwa.

Ita ta kafa doka: babi guda a yini, bayan la'asar, ba ƙari. Ta ɗauki labarin kamar hatsin rumbu, a auna a ci. In munka roƙa a ci gaba sai ta ce, "Ku haɗamammu, in kunka cinye shi yau, mi za mu ci gobe?" Maƙwabta sunka fara shigowa. Har mai kawo mana nono daga ruga takan sauke ƙwaryarta ta zauna, ta manta da ciniki. Rana tana yin ja a kan katanga, muryar kawu tana tafiya a hankali, ni kuwa ina jin motsin ruwan gulbin nan a ƙafafuna.

Ranar da ya rage babi na ƙarshe, an tsaya daidai inda matar ta hango kwalekwale yana tahowa, da mutum a ciki sanye da malafa. Kaka ta ce a rufe. Kawu ya kife littafin bisa turmi ya tafi masallaci. Kafin ya dawo, jar akuyarmu ta gama da bayan littafin, tana tauna tana kallonmu, ko kunya babu.

Kawu ya koma tasha, littattafan sun ƙare. Ya duba kasuwar Shinkafi, ya aika Gusau, ya tambayi malaman makaranta har Zurmi. Shiru. Kaka ta rage cin abinci. In la'asar ta yi, sai ta je ta zauna gindin darbejiya.

Wata rana kawu ya shigo da fara'a, ya ce ya samu ragowar. Ya ɗora wasu takardu cikin littafin, ya fara: kwalekwale ya iso, ƙanen ya sauko, anka rungume juna.

Kaka ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ce, "Kai, ɗan nan. Idonka bai tafiya bisa takarda."

Kawu ya sunkuyar da kai. "Inna, so nike hankalinki shi kwanta."

Ta daɗe tana kallon ƙofar gida. Daga baya ta ce, "Bari nema. Tunda ba a karanta ba, yana nan cikin kwalekwale, yana tahowa."

Ranar ta ci tuwo har da ƙari. Akuyar ma ta hana a sayar, wai ita kaɗai ta san yadda anka ƙare. Har Allah ya karɓi ran kaka, mutumin nan mai malafa bai iso gaɓa ba, bai kuma nutse ba.

Yanzu jirgi ya daina kuka a Kaura, darbejiyar an sare ta an yi shago. Labarin littattafan duniya da masu cin kyauta cikin waya yake zuwa, kafin ka gama jin wani, wani ya danne shi. Da na ba jikata wannan labari jiya, ta ɗan latsa wayarta, ta ce ta samo littafin, cikakke, har babin ƙarshe. Ta ce, "Kaka, in karanta miki?"

Na ce ta bari sai gobe. Ga goben ta zo, la'asar ta kusa, ina jin takunta a zaure. Kai da ka saurare ni, in kai ne, za ka bar kwalekwalen nan ya iso?